Ajin da ke ƙarƙashin teku: Matasan da ke koyon nutso da renon murjani a Fulorida

Darasin farko da ake koya wa yaro a sansanin nutso ba ya buƙatar zurfi. Ruwa iya ƙirji ya wadatar. Malami zai sa shi ya durƙusa, da tukunyar iska goye a bayansa, da kan tiyo a bakinsa, sannan ya yi masa ishara ya ɗaga gilashin da ya rufe masa ido da hanci, ruwa ya kwarara ya cika shi. A daidai lokacin, kowace gaɓa ta jikin ɗan Adam kan ce masa ya miƙe ya tsere. Abin da ake so ya koya shi ne ya zauna daram, ya ci gaba da jan iska ta baki, ya danne saman gilashin da yatsu, ya hura ta hanci har ruwan ya fice. Wanda ya iya wannan ya ci rabin jarabawa, domin a ƙarƙashin teku firgici ya fi kifin shak kisa.

Kowace shekara, tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da makarantun Amurka ke dogon hutu, ɗaruruwan samari da 'yan mata kan yi wannan durƙuso a tsibiran Keys da ke ƙuryar kudancin jihar Fulorida. Ƙananan tsibirai ne da suka jeru kamar ƙwayoyin carbi, daga kusa da birnin Miami har zuwa Key West, wanda tsakaninsa da ƙasar Kyuba kusan kilomita 150 ne. Hanyar mota guda ce ta ɗinke su, mai gadoji 42. Daga gaɓarsu, tafiyar 'yan kilomitoci a jirgin ruwa, akwai jerin duwatsun murjani mai tsawon kusan kilomita 560. Shi ne ajin da ake kai yaran.

Iyaye da yawa kan biya kuɗin sansanin ne don yaro ya huta, ya ga abin al'ajabi, ya dawo da takardar shaidar nutso. Haka abin ya faro kusan shekara 60 da suka wuce. Sai dai abin da ake zuwa kallon yana mutuwa, kuma mutuwar tasa ta sauya aikin sansanonin. Yaron da ya je yau, fensir da igiyar awo da buroshi za a miƙa masa, a ce ya ƙirga, ya auna, ya goge, ya dasa. Wani lokaci ya komo shekara mai zuwa ya tarar abin da ya dasa ya yi fari fat kamar ƙashi.

Dutse mai rai

Bahaushe ya san murjani tun da daɗewa, amma a wuyan amare ya san shi: jan dutsen ado mai tsada da fatake ke ketowa da shi ta Sahara daga Bahar Rum. Wannan dutse ƙashin wata dabba ce ta teku, kuma danginta ne ke gina duwatsun da ke gaɓar Fulorida.

Dabbar 'yar mitsitsiya ce mai taushi, da baki guda kewaye da 'yan hannuwa sirara. Takan tatsi sinadarai daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri, ta zauna a ciki. Dubbansu kan haɗu wuri ɗaya, na baya su yi gini a kan ƙashin na gaba, har cikin dubban shekaru a samu tudu mai koguna da lunguna. Irin waɗannan duwatsu ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku na dogara da su a wani mataki na rayuwarsu. Su ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen mutane.

Sirrin dabbar yana cikin namanta. A can wata gansakuka da ido ba ya gani take zaune, tana sarrafa hasken rana ya zama abinci. Ita ke samar wa murjani har kashi 90 cikin ɗari na abincinsa, ita ce kuma ke ba shi launi. Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, amma ba ya jure zafi. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe a haka na makonni, sai murjani ya kori baƙuwar tasa. Daga nan farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ke cinsa. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo, in bai huce ba shi ke nan.

Sansanin da ya faro a 1966

Ɗaya daga cikin sansanoni mafi daɗewa shi ne Seacamp, wanda wata mata mai suna Irene Hooper ta jagoranci kafa shi a tsibirin Big Pine Key a 1966. Ƙungiya ce da ba ta riba ba, tana karɓar yara daga 'yan shekara 10 zuwa 17, su kwana su tashi a wurin na tsawon zangon da suka zaɓa. Akwai irinsa a Key Largo, wato MarineLab, akwai kuma wani a tsibirin Catalina na jihar Kalifoniya, inda ruwa ke da sanyi, ake nutso a cikin dogayen ciyayin teku maimakon murjani.

Tsarin yini ya yi kama da na makarantar kwana, illa dai allo yana cikin ruwa. Da safe a fita da jirgi, da rana a koma ɗakin bincike a duba abin da aka ɗebo da madubin ƙara girma, da dare a zauna a rubuta abin da aka gani. Ba a fara kai yara kan murjani kai tsaye. Da farko a kai su cikin itatuwan mangurob, masu saiwoyi kamar ƙafafun gizo-gizo a cikin ruwan gishiri, su ga inda 'ya'yan kifi ke fakewa. Sannan a kai su filayen ciyawar teku, inda kunkuru ke kiwo. Sai an gama da waɗannan ake zuwa Looe Key, dutsen murjanin da ya samo sunansa daga wani jirgin yaƙin Birtaniya da ya farfashe a kansa a 1744. Manufar ita ce yaro ya gane cewa wuraren uku gida ɗaya ne: kifin da ya gani ƙato a kan murjani, a cikin saiwar mangurob ya yi ƙuruciya.

Masu wannan aiki suna da hujjar da sukan kafa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sylvia Earle, wadda aka haifa a 1935 ta kuma tashi a gaɓar Fulorida, ba ta kai shekara 20 ba ta fara goya tukunyar iska, a wani kwas na hutun bazara kan halittun teku. A 1970 ta jagoranci ayarin mata masana da suka yi mako biyu zaune a wani ɗaki a ƙarƙashin teku. A 1979 ta taka ƙasan teku a zurfin mita 381 kusa da Hawai, a 1990 kuma ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babbar masaniyar kimiyya ta NOAA, hukumar da ke lura da teku da yanayi a Amurka.

Dokokin numfashi

Na'urar da ta buɗe wannan ƙofa, wadda ake kira sukuba, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943: hafsan sojan ruwa Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan. Mutane da yawa na zaton zallar iskar oksijin ce a cikin tukunyar. Iskar da muke shaƙa ce ta yau da kullum, an tace ta, an cusa ta da ƙarfi har matsinta ya ninka na sarari kusan sau 200. Hikimar tana cikin ɗan injin da ke kan tiyo, wanda ke sakin iskar daidai da matsin ruwan da ya kewaye mai nutso, kuma sai ya ja take fitowa.

Kafin yaro ya ga kifi ko ɗaya, sai ya haddace lissafin matsi. Duk mita 10 na zurfi na ƙara masa nauyin da ya kai na iskar sararin sama gaba ɗaya. A mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Balan-balan da aka hura a sama zai tsuke ya koma rabi a mita 10. Wanda aka hura a mita 10 aka sake shi, zai kumbura ninki biyu kafin ya iso sama. Huhu ma haka yake. Daga nan doka ta farko ta fito, wadda ake nanata wa yara har ta zame musu jiki: kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa a ƙasa ya taso da baki a rufe, huhun na iya yagewa, ko da a ruwan da bai fi tsayin mutum ba.

Doka ta biyu ta shafi iskar naitirojin, wadda ita ce kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi takan narke ta shiga jini da tsoka. Idan mutum ya taso a hankali, takan fita ta huhu salin-alin. Idan ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. 'Yan Najeriya sun ga misalin wannan a Mayun 2013, lokacin da wani jirgin ja ya kife a tekun da ke daura da jihar Delta. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 a wani ɗan lungu mai iska, a zurfin mita 30, shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari nan take ba, domin jikinsa ya ƙoshi da naitirojin. Sai da ya yi kwanaki a wani ɗaki na musamman ana rage masa matsi kaɗan-kaɗan. Saboda wannan dalili ne ake koya wa yara su dakata minti uku a zurfin mita biyar kafin su fito, kuma ba a barin su hau jirgin sama sai sun yi aƙalla awa 12 zuwa 18 da nutson ƙarshe.

Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a 1966 kuma ta fi kowace bayar da shaidar nutso a duniya, ta yanke shekara 10 a matsayin mafi ƙarancin shekarun samun shaidar yara. Sai yaro ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma yi minti 10 yana yawo a saman ruwa ba tare da ya dafa komai ba. Zai yi darussa biyar a ruwa marar zurfi, da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Ɗan shekara 10 ko 11 ba ya wuce mita 12. Ɗan 12 zuwa 14 na iya kaiwa mita 18 tare da babba mai shaida. Akwai kuma takardar lafiya, domin ciwon asma, farfaɗiya, ciwon zuciya ko matsalar kunne na iya hana yaro shiga sai da izinin likita. Likitoci ba su gama daddale yadda nutso ke shafar jikin da bai gama girma ba, shi ya sa sansanonin kirki ke tsayawa can ƙasa da iyakar da doka ta ba su.

Ba a nutso mutum ɗaya. Kowa da abokinsa, su duba kayan juna kafin su faɗa ruwa, kada su yi nisa da juna a ƙasa. Da yake ba a magana, hannu ne harshe. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe na nufin lafiya lau. Ɗaga babban yatsa sama na nufin mu tashi. Gitta tafin hannu a maƙogwaro na nufin iskata ta ƙare, kuma duk wanda aka yi wa wannan ishara, wajibi ne ya miƙa tiyonsa na biyu. Yaro ɗan shekara 14 da aka ɗora wa numfashin wani a wuyansa ya koyi abin da ba a rubutawa a allo.

Fensir a ƙarƙashin ruwa

Gani ya kori ji, amma a ƙarƙashin ruwa ido ma yakan yi ƙarya. Komai kan bayyana da girman da ya ɗara na gaskiya da kusan sulusi. Jan launi kan dusashe tun daga mita biyar, har jinin da ya fito daga ɗan rauni ya yi kama da kore. Sauti na gudu fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, ta yadda kunne ba ya gane ta inda ƙarar jirgi ke zuwa. Don haka ake raba yaro da dogaro da kintace. A shimfiɗa igiyar awo a kan dutse, ya bi ta yana rubuta abin da ke ƙarƙashin kowane ma'auni a kan farin allon roba, da fensir na gama-gari, wanda ke rubutu a ruwa ba matsala. A ajiye firam mai kusurwa huɗu, ya ƙirga abin da ke ciki: murjani mai rai nawa, matacce nawa, gansakuka nawa.

Ƙidayar ba ta wasa ba ce. Ƙungiyar REEF da ke Key Largo ta fara tattara ƙidayar kifi daga masu nutso 'yan sa-kai tun 1993, kuma masana na amfani da rumbun bayananta. Ta wannan hanya yaro ke sanin kifi mai bakin aku, wanda ke gurgurar gansakuka daga kan dutse ya kasayar da farin yashi. Ya kuma san kifin zaki, baƙo daga tekun Indiya da Pasifik, mai ƙayoyi masu dafi, wanda aka fara gani a ruwan Fulorida a 1985, ya yaɗu yana lamushe ƙananan kifaye ba mai taka masa birki.

Abin da alƙaluma suka nuna ba mai daɗi ba ne. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a yankin Karibiyan, alhali ita ce ke kiwon gansakukar da ke shaƙe murjani. Wata cuta ta bi manyan nau'o'i biyu masu rassa, mai kama da ƙahon barewa da mai faffaɗan ƙaho, ta ragargaza su, har gwamnatin Amurka ta sanya su cikin halittun da ke fuskantar barazana a 2006. A 2014 wata sabuwar cuta mai zagwanye naman murjani ta ɓulla kusa da Miami. A yau, a wurare da dama na Keys, murjani mai rai bai rufe fiye da kashi biyu cikin ɗari na dutsen ba.

Gandun reno

Dabarar da ake ƙoƙarin farfaɗo da shi da ita, a hannun uba da 'yarsa ta faro. Ken Nedimyer mai sana'ar kamun kifin ado ne a yankin Tavernier. Murjani mai ƙahon barewa ya tsiro da kansa a kan duwatsun da yake ajiyewa a teku don sayarwa. Shi da 'yarsa, wadda ke makarantar sakandare a lokacin, suka mayar da shi aikin ƙungiyar matasa manoma ta 4-H: su karya reshe, su kafa, su ga ko zai kama. Ya kama. A 2003 suka dasa 'yan ƙwayoyi a Molasses Reef, inda wani jirgin dakon kaya ya yi ɓarna a 1984, kuma a 2007 Nedimyer ya kafa gidauniyar Coral Restoration Foundation.

Gandun nata yana cikin teku. Bututun roba ne ake haɗawa kamar bishiya mai rassa, a ɗaure gindinta a ƙasa, a sa mata abin da zai ɗaga ta sama, a rataya gutsattsarin murjani da zaren kamun kifi. Cikin watanni shida zuwa tara gutsure kan isa dashe. Aikin da matasa ke yi a nan ba shi da ƙyalƙyali. Yawancinsa gugar gansakuka ne daga rassan robar da buroshi, mutum yana lilo a tsakiyar ruwa, yana kiyaye kada takalmin iyonsa ya karya abin da aka yi wata shida ana reno. Waɗanda suka ƙware ne ake bari su kankare dutse, su liƙa dashen da wani irin danƙo mai daskarewa a ruwa.

Ƙungiyar SCUBAnauts, wadda aka kafa a yankin Tampa a 2001 don 'yan shekara 12 zuwa 18, ta yi shekaru tana kai matasanta wannan aiki a gandun cibiyar binciken teku ta Mote da ke kusa da Looe Key. Sukan yi shi kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin sojojin da suka ji rauni a yaƙi, wasu da ƙafar roba. A Disambar 2019 hukumar NOAA ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da manyan duwatsu bakwai na Keys, Looe Key na cikinsu.

Bazarar 2023

Sai ga shekarar da ta gwada kowa. Tun watan Yuli ruwan kudancin Fulorida ya ɗau zafin da ba a saba gani ba sai can ƙarshen bazara. Ranar 24 ga watan, wata na'ura a Manatee Bay ta nuna digiri 38.4 a ma'aunin Salshiyas. Wurin ba shi da zurfi kuma ba kan murjani yake ba, amma ya nuna halin da ake ciki: ruwan teku ya ɗara jikin mutum zafi. Gidauniyar Coral Restoration Foundation ta bayyana cewa duk murjanin da ta dasa a Sombrero Reef ya mutu, kuma ta yi asarar kusan duk abin da ke gandunta na Looe Key. Ma'aikata da 'yan sa-kai suka shiga kwasar dubban gutsattsari daga teku zuwa tankuna a tudu, kamar masu kwashe kaya daga gidan da ke cin wuta.

Da NOAA ta koma duba wuraren a farkon 2024, ƙasa da kashi 22 cikin ɗari na murjani mai ƙahon barewa kusan 1,500 da ta bincika ne ke da rai. A Afrilun shekarar ta tabbatar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan annobar fari a tekuna baki ɗaya. A 2025 wani bincike da mujallar Science ta wallafa ya kammala da cewa nau'o'in nan biyu masu rassa sun yi ƙarancin da ba za su iya ci gaba da aikinsu na gina dutse a Fulorida ba.

Wannan ya tayar da muhawara mai nauyi. Wasu masana na cewa dashe ba tare da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba, zuba ruwa ne a kwando, kuma bai kamata a sa yara su ɗauka cewa buroshi zai warware abin da gwamnatoci suka kasa ba. Masu dashen kuma na cewa ba don gandayen ba, da wasu irin sun ɓace baki ɗaya a wannan shekara, kuma waɗanda suka jure zafin su ne irin da za a hayayyafa. Duk ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda: ba a san girman asarar ba sai don akwai waɗanda suka auna wuraren kafin zafin, suka koma suka auna bayansa.

Wa ke samun shiga?

Mako biyu ko uku a irin wannan sansani kan ci dubban daloli, ban da kuɗin jirgi da kaya. Wasu na bayar da tallafi, amma kuɗi ba su kaɗai ne shinge ba. Wani bincike da gidauniyar hukumar wasan iyo ta Amurka ta fitar a 2017 ya gano cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran baƙaƙen fata ba su iya iyo ba ko kuma iyawarsu kaɗan ce, idan aka kwatanta da kashi 40 na yaran farare. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce baƙaƙen yara 'yan shekara 10 zuwa 14 na mutuwa a wuraren wanka na iyo fiye da ninki bakwai na takwarorinsu farare. Tushen abin tarihi ne: an yi shekaru ana hana baƙaƙe shiga wuraren iyo da gaɓar teku, uwar da ba ta koya ba kuwa tsoron ruwa take gadar wa ɗanta. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa na 2018, ya nuna cewa mutanen gaɓar Afirka ta Yamma sun fi Turawan wancan zamani iya iyo da nutso nesa ba kusa ba, har masu bayi na amfani da su wajen tsamo dukiyar jiragen da suka nutse.

Ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka ya haifar da wani irin sansani na daban. Ken Stewart, wani mai nutso daga birnin Nashville kuma ɗan ƙungiyar baƙaƙen masu nutso ta Amurka da aka kafa a 1991, ya haɗu da Brenda Lanzendorf, masaniyar kayan tarihi a gandun ruwa na Biscayne, wadda jiragen da suka nutse a yankinta suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Daga haɗuwarsu aka samu shirin Diving With a Purpose, wato nutso da manufa, daga baya kuma aka buɗe reshensa na matasa. A nan ana koya wa yara su ja igiya a tsakiyar tarkacen jirgi, su auna nisan kowane ƙarfe da katako daga wurare biyu, su zana shi a allo, su fito su haɗa taswira. Ba a ɗaukar komai.

Jirgin da suka fi nema shi ne Guerrero, na 'yan fashin teku masu fataucin bayi, mai tutar Sifaniya. Ranar 19 ga Disamba, 1827, wani jirgin yaƙin Birtaniya ya biyo shi, ya afka wa dutsen murjani kusa da Key Largo da 'yan Afirka 561 a cikinsa. Mutum 41 suka mutu a wurin. Akasarin waɗanda aka ceto an karkatar da su Kyuba aka sayar, 121 suka isa Key West, waɗanda suka rage daga cikinsu aka kai su Laberiya bayan shekaru. Can yamma da Key West kuma akwai Henrietta Marie, jirgin bayi na Ingila da ya nutse a 1700 bayan ya sauke mutane kusan 190 a Jamaika. Masana na ganin daga gaɓar da ke cikin Najeriya ta yau ya ɗebo su. A tarkacensa an samu maruruwa da dama, har da ƙanana da ba za su shiga ƙafar babba ba. A 1993 ƙungiyar baƙaƙen masu nutso ta kafa allon tunawa a wurin, a ƙarƙashin ruwa, fuskarsa na kallon Afirka.

Matasan wannan shiri su ma kan yi aikin murjani, domin dutsen da ya farfasa jirgin shi ne ya lulluɓe tarkacensa ya adana shi. Kaɗan ne daga cikin yaran sansanonin nan za su zama masana teku. Sauran za su zama malamai, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa, masu jefa ƙuri'a a jihar da teku ke cin gaɓarta. Abin da za su tafi da shi shi ne sun taɓa sauka da kansu, sun ƙirga, sun rubuta.

'Yan kwanaki bayan wata ya cika a Agusta, murjanin Keys da ya rage kan saki ƙwayayen haihuwarsa cikin dare, kusan lokaci guda, su taso sama kamar yayyafin da ya juya. Masana kan jira da raga su tara su, su kai ɗakin bincike su haɗa irin da ya yi nisa da juna a teku. A daidai wannan lokaci ne zangon ƙarshe na sansanonin ke watsewa. Yara su wanke kayansu da ruwan daɗi, su shanya, su rubuta zurfi da minti na nutson ƙarshe a ɗan littafinsu, malami ya sa hannu.